Ranar da Katin Gayyata Ya Kashe Ni

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke Talatar nan ta farkon watan Oktoba, ranar da na mutu a bakin aiki har na awa huɗu da rabi ba tare da na sani ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin nan a bayana, saboda na ga wasunku suna murmushi idan na ce kada hoto ya bar hannunku babu bayani a ƙarƙashinsa. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi. Amma a ranar saura kaɗan hoto ɗaya ya kai mahaifiyata ƙasa, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, ga hawan jini, tana zaune a ɗakinta a Bukuru ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Sunana Ishaya. Na fara aiki a wani ƙaramin gidan tarihi a Manchester a matsayin mai tsaron ɗakin kallo, wato mutumin nan da yake tsayawa a lungu yana hana mutane taɓa kaya. Shekara huɗu na yi ina wannan tsayuwa. Daga nan aka mai da ni mataimaki a sashen masu rataya, bayan shekara uku kuma na zama cikakken ma'aikaci a sashen. Aikinmu shi ne mu sa zane a firam, mu shirya shi a akwatin katako, mu raka shi idan wani gidan tarihin ya ara, mu kuma rataya shi a bango yadda ba zai karkace ba. A samanmu akwai mai rajista, wadda take riƙe da takardun kowane abu, sai kuma masana, waɗanda suke zaɓen abin da za a nuna su rubuta bayaninsa. Su ne sunansu yake fita a takarda. Mu sunanmu ba ya fita sai ranar da wani abu ya faɗo daga bango.

A shekarata ta goma sha ɗaya, ɗaya daga cikin masanan, Dakta Margaret, wata doguwar mace mai furfura wadda kullum gilashinta yake ɓacewa alhali yana kanta, ta sauko ma'ajiyar ƙasa ta ce in fito mata da wasu akwatuna shida. Zane-zanen barkwanci ne na tsofaffin jaridu, tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara gudu, aka fara jan wayar tangaraho, mota da lantarki suka shigo gari. Na buɗe na farko sai na ja da baya. Ƙwarangwal ne a kowane shafi. A wani yana tuƙa jirgin ƙasa da doguwar hula, fasinjoji suna ɗaga masa hannu. A wani ya zauna a kan wayar tangaraho, ya harɗe ƙafa yana karanta saƙo. Akwai wanda ya jingine dogon laujensa a bango ya je kanti yana taya injin girbi, mai kantin yana rantse masa cewa wannan ya fi sauri. Akwai kuma wanda mai yin akwatin gawa ya cire hula yana yi wa wani mai sabuwar mota godiya, har da rusunawa.

Na ce mata, “Dakta, mutanenku lafiyarsu ƙalau kuwa? Wannan abin suka riƙa saye suna dariya a kan teburin karin kumallo?”

Ta ce, “Tsoro suke ji, Ishaya. Duk sabon injin da ya zo sai ya ci mutane kafin a saba da shi. Wanda ba shi da ikon hana kamfanin jirgi gudu, yana da ikon ya zana direban babu nama a jikinsa.”

Ban yarda da ita ba a lokacin. Mu inda na fito ba a zana mutuwa, ba a yi mata ba'a, ko sunanta ma sai an kewaya. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki da Turawan nan shi ne, za su manna ƙwarangwal a bango su sha shayi a gabansa, amma idan uwar abokin aiki ta rasu sai ka ga kowa ya bi ta wata ƙofar don kada ya haɗu da shi ya rasa abin cewa. Mu kuwa ba za mu iya kallon zanen ba, amma za mu iya zama kwana bakwai a tabarmar makoki muna ci muna sha. Kowa da irin jarumtarsa.

To amma wata huɗu ina tare da zanen nan. Ni na goge musu ƙura da buroshi mai laushi, ni na auna su, ni na sa su a firam ɗaya bayan ɗaya, guda arba'in da biyu. Har na raɗa wa ƙwarangwal ɗin suna Baba Ƙashi, ina gaishe shi da safe. Na fara ganin abin da ban gani ba da farko: a yawancin zanen ba mugu ba ne, ma'aikaci ne da aiki ya yi masa yawa tun da injuna suka shigo, har a wani wuri an zana shi yana share gumi. Wata rana na faɗa wa Dakta Margaret haka, sai ta sauke gilashinta daga ka ta dube ni. Ta ce wani gidan tarihi a Birmingham ya ari nunin gaba ɗaya, kuma ranar buɗewa tana so ni in yi magana ta minti ashirin a gaban baƙi. Ta ce in turo mata hotona mai kyau, za a sa a katin gayyata.

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na koma gidanmu a Whalley Range na birkita waya ina neman hoto. Matata Rifkatu, wadda nas ce a wani asibiti a Salford, ta ce in sa wanda nake dariya a bakin teku. Na ce a'a, wannan taron manya ne. Na zaɓi wanda aka ɗauke ni ranar godiyar girbi a coci, baƙar kwat, hannu a ƙirji, ido yana kallon sama kaɗan. Ta ce na yi kama da wanda ya riga ya ga mala'iku. Na ce hassada ce.

Ranar Talatar, ni aka tura in bi kayan. Akwatunan sun riga ni zuwa da kwana ɗaya, domin doka ce su kwana a rufe su saba da iskar sabon wuri kafin a buɗe. Na hau jirgin safe a tashar Piccadilly, na sauka a tashar New Street ta Birmingham, ƙarfe goma saura ina bakin ƙofar ma'ajiyarsu. Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Idan za a buɗe kayan aro, mutum ɗaya daga gidan da ya bayar da mutum ɗaya daga gidan da ya ara za su tsaya a kan kowane zane, su duba shi da fitila da madubin ƙara girma, su rubuta duk wani tabo ko lanƙwasa a fom, su sa hannu su biyu. Da zarar an buɗe akwati ba a barinsa sai an gama. Jaka da waya kuma a loka ake kulle su a sama, saboda ba a yarda a ɗauki hoton kayan aro ba. Ko ka saci hanya ka shiga da ita ma, ƙarƙashin ƙasa ne, babu sabis.

Ina tsaye a gaban lokar, waya a hannu, sai ga saƙon Dakta Margaret: katin ya fito. Na buɗe. Ta yi shi ne irin katunan makoki na mutanen wancan zamanin, don ya dace da nunin. Baƙin layi mai kauri ya zagaye shi. A tsakiya ga hotona a cikin da'ira, sunana a ƙasa da manyan haruffa, sai rana da lokaci da adireshin wurin, har da cewa za a sha shayi bayan taro. Can ƙasa ga Baba Ƙashi a kan jirginsa. Sauran bayanin an rubuta shi da irin tsohon rubutun nan mai lauje-lauje da sai ka matse ido kafin ka karanta.

Ni da na girma ina ganin irin wannan takarda a manne a jikin falwayar lantarki da ƙofar coci, ya kamata in gane abin da take kama da shi. Ban gane ba. Sunana kawai na gani, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Abokin aikina na can, Colin, yana riƙe mini ƙofa yana duban agogo. Na danna na tura katin a gurup ɗin cocinmu na Manchester da na 'yan arewa mazauna Birmingham, da niyyar in rubuta bayani idan na fito shan iska. Ko kalma ɗaya ban sa ba. Na jefa wayar a loka, na murza makulli, na bi Colin ƙasa ina fito.

Ba mu fito shan iskar ba. Firam uku sun zo da 'yar matsala a kusurwa, muka tsaya rubuce-rubuce, shayi ma a tsaye muka sha a bakin ƙofa. Abin da ya faru a sama cikin waɗannan awoyi, daga baya na haɗa shi daga bakin mutane.

Wadda ta fara gani ita ce Mama Laraba, shugabar zumuntar mata ta Birmingham, mace mai zuciyar kirki da saurin yatsa, wadda ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta ga baƙin layi, ta ga kwat, ta ga hannu a ƙirji. Ta kira wayata sau uku ban ɗauka ba. Ta rubuta a ƙarƙashin katin cewa Ubangiji ya bayar, ya kuma karɓi abinsa. Shi ke nan. Wani malamin makaranta a Hulme ya rubuta cewa jama'a a dakata, wannan kamar takardar wani taro ce, sai aka ce masa to ya kira ni mana. Ya kira, shiru. Ya sake kira, shiru. Shi ma ya sa hoton kyandir. Wani kuma ya ce ai ya gan ni da safe a Piccadilly da jaka, ga kuma jirgi a jikin katin. Kafin sha biyun rana jirgin ƙasa ya take ni. Kafin labarin ya isa Jos, inji ne ya ja rigata a wurin aiki.

Babu wanda ya kira Rifkatu, domin mu ba ma gaya wa mace mutuwar mijinta ta waya. Mutum goma sha wani abu suka taru a matakalar gidanmu da kuloli na shinkafa suna jiran ta taso daga aiki. Mama Laraba kuwa ta duba adireshin da ke jikin katin ta ga ai a garinsu ne. Ta tattara mata huɗu, suka ɗaura zanen zumunta, suka hau bas don su je su ji yadda abin ya faru daga bakin masu wurin.

Wajen ƙarfe biyu da rabi muka sa hannu a fom na ƙarshe. Saura abu ɗaya: an buga Baba Ƙashi a jikin kwali, tsayinsa ya kai na mutum, za a kafa shi a bakin ƙofar shiga. Colin ya ce mu hau da shi tunda sama za mu. Ina sanye da doguwar farar rigar aiki da safar hannu. Muka shiga lif, ni a dama, Baba Ƙashi a hagu na rungume shi ta kafaɗa don kada ya faɗi, Colin a bayanmu ba a ganinsa.

Ƙofar lif ta buɗe daidai gaban teburin karɓar baƙi. Mata biyar cikin zane iri ɗaya suna tsaye, idanu jajur, Dakta Margaret, wadda ta biyo ni da rana don ta duba wurin, a gabansu tana ta juya hannu ta rasa gane abin da suke tambaya. Suka juyo gaba ɗaya.

Ban taɓa jin ihu irin wannan a ƙasar nan ba. Ɗaya ta zube a ƙasa tana kiran sunan Yesu. Biyu suka yi waje, ɗaya ta bar takalminta. Mama Laraba kaɗai ta tsaya, ta ɗaga jakarta sama kamar za ta yi jifa, ta ce, “Ishaya, in kai ne ka yi magana! In ba kai ba ne, ka koma inda ka fito!”

Na ce, “Mama, ina wuni? Lafiya kuka zo? Ai sai Asabar ne taron.”

Ta matso a hankali, ta kama kunnena ta murɗa da ƙarfi. Da na yi ƙara sai ta sake ni, ta fashe da kuka, ta shiga dukana da jakar. “Kai wane irin mutum ne? Tun safe muna kuka! An ce train ya bi ta kanka! Me ya hana ka ɗaukar waya? Wannan abin da ka runguma kuma mene ne?”

Ta nuna mini fuskar wayarta. Na ga katina, na ga kyandirori da hannuwan addu'a sun yi layi a ƙarƙashinsa babu iyaka. Wani har ya rubuta cewa ni mutum ne mai haƙuri, abin da bai taɓa faɗa mini ba ina raye. Dariya ta taso mini, na fara yi. Colin ya leƙo ta bayan kwalin yana tambaya ko wani abu ya faru. Sai na ga Mama Laraba ta daina kukan, ta dafe bakinta da hannu.

Ta ce, “Wayyo, ɗana. An gaya wa gida.”

Na daina dariyar. Na san abin da wannan yake nufi, domin ni ma an taɓa zuwa da ni irin wannan aike. A wurinmu idan ɗa ya mutu a nesa, ba a bari uwa ta ji a bakin hanya. Za a lallaba a ɗauke mata waya. A kira fasto da dattawa biyu, a nemi wata tsohuwar nas ta zo da abin awon jini a jaka. A jira ta ci abincin rana. Sa'an nan a shiga a zauna. A wannan lokacin na shekara agogonmu da na gida ɗaya ne, ƙarfe uku saura ashirin. Mahaifiyata tana cin abinci ƙarfe biyu.

Na ruga loka na ciro wayata. Kira ɗari da wani abu ne a wayar. Na kira Mama, a kashe. Na kira ƙanena Yakubu, wanda yake zaune da ita, tana ta ringin bai ɗauka ba. Daga baya ya ce mini ya ga sunana ya fito, ya ɗauka Rifkatu ce take kira da wayar mamaci, shi kuma ba shi da zuciyar jin muryarta, sai ya kife wayar. Na kira faston, ya kashe tasa tunda yana bakin aiki. Na tsaya a tsakiyar wurin da waya mai iya kai hoto Najeriya cikin ƙiftawar ido, amma na kasa aika kalma biyu zuwa ɗaki ɗaya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na riga na ga Mama ta sulale daga kujera.

Dakta Margaret, da ta gane zancen, fuskarta ta yi fari fat. Ta ce laifinta ne. Na ce ba lokacin rabon laifi ba ne, ta taimake ni ta kira layin ofis na sashen da Rifkatu take aiki. Aka haɗa mu. Na ce, “Maman Hannatu, ki saurara, ina raye.” Ta ce, “To da fa? Ina tsakiyar shift ka kira ni ka gaya mini wannan?” Na yi mata bayani cikin numfashi ɗaya. Sai ta ce, “Hoton nan ne ko? Ka dawo gida ka same ni. Yanzu ka nemi Mama.”

Mama Laraba ce ta ɗauki ragamar. Yatsan da ya kashe ni shi ya shiga aikin tayar da ni. Ta kira ƙanwarta a Jos, ƙanwar ta kira wata mai koyar da waƙa a cocin su Mama, ita kuma ta ce ai akwai Asabe mai shagon ɗinki da ke kallon ƙofar gidanmu na Bukuru. Aka karanto lamba ina rubutawa a bayan fom ɗin aro, abin da ko a mafarki ba zan yi ba a wata rana. Na kira ta bidiyo. Asabe ta ɗauka, ta gan ni, ta yi salati irin nata ta nemi jefar da wayar. Mama Laraba ta cusa fuskarta kusa da tawa ta daka mata tsawa: “Ke, ba fatalwa ba ce! Ga shi na murɗe masa kunne! Sun shiga?”

Asabe ta ce, “Sun shiga tun ɗazu, Mama.”

“To gudu!”

Sai muka ga sama, muka ga ƙasa, muka ga silifas ɗin Asabe suna tsallake kwata, muka ga ƙofar gidanmu mai koren fenti. Mu shida muka dunƙule a kan waya ɗaya, har da Colin da bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Labule ya ɗaga. Ga falon Mama. Fasto a kan doguwar kujera da littafi buɗe a cinya, dattawa biyu sun sunkuyar da kai, nas a gefen Mama da jaka a ƙafa, Yakubu a ƙasa ya juya fuska bango.

Abin da ya cece ni shi ne faston nan ba ya gaggawa. Minti ashirin da biyar da shigarsu, ya gaisa, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi gonar masara, ya yi addu'ar buɗewa, ya yi karatu, ya fara bayani a kan cewa dukanmu baƙi ne a duniya. Bai kai ga suna ba. Sau nawa ina gunaguni a kan tsawon wa'azinsa idan na je gida, ranar nan da zan gan shi da na ɗauke shi a kafaɗa.

Asabe ta kutsa ta miƙa wayar a gaban fuskar Mama ba ko sallama. Yakubu ya waiwayo, ya gan ni, ya yi wata ƙara ya rarrafa baya. Littafin fasto ya zame. Mama ce kaɗai ba ta motsa ba. Tana zaune a miƙe, hannuwa biyu a kan gwiwa, ta ɗaura ɗankwalinta tamau.

Na ce, “Mama, ni ne. Ishaya ne. Lafiyata ƙalau. Kuskure aka yi, ni na yi shi.”

Ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Juya kanka.” Na juya. “Ɗaga hannu.” Na ɗaga, da safar a jiki. Ta ce, “Ka ci abinci?” Na ce ban ci ba. Ta ce, “Ga shi nan a fuskarka.” Sannan ta dubi fasto ta ce ya rufe wancan shafin ya nemo na godiya, tunda dai sun riga sun zo.

Na sauke ajiyar zuciya, na ce, “Mun gode wa Allah da ba su kai ga faɗa miki ba.”

Ta ce, “Sai sun faɗa? Fasto da dattawa da nas, ranar Talata da rana tsaka, ga wayata wai tana caji tun safe. Tun da suka ɗaga labule na sani. Yakubu ga shi zaune. 'Yar'uwarka Talatu ta kawo mini kunu ɗazu. Kai kaɗai ne mutuwarka sai an zo an ba ni labari.” Ta gyara riƙon wayar. “Yana ta karatu ni kuwa ina neman fuskarka a raina. Wadda ta zo mini ta shekara bakwai da suka wuce ce, ranar da ka zo bikin Talatu. Ashe har ka yi furfura ban sani ba.”

Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, a gaban baƙi da masu gadi da kwalin ƙwarangwal. Kunya ta rufe ni, domin gaskiya ta faɗa. Kullum ina cewa baɗi, ga aiki, ga makarantar yara, ga waya ai muna gaisawa duk Lahadi. Dakta Margaret ta taɓa kafaɗata ta tambaye ni me tsohuwar ta ce. Na ce ta ce in nemi hutu. Ta ce in rubuta yau, ita za ta kai wa shugaban sashe da kanta.

Ranar Asabar na yi maganata ta minti ashirin. Ba a taɓa ganin 'yan arewa sun cika gidan tarihi haka ba, kowa ya zo ya ga mamacin da idonsa. Mama Laraba ta zauna a layin gaba, ta ƙi kallon bango, amma da na nuna musu mai akwatin gawa yana rusuna wa mai mota, ita ta fi kowa dariya.

Abin da na koya a aikin nan, ku riƙe shi. Hoto ba ya bayyana kansa, kowa da idon garinsu yake karanta shi, shi ya sa 'yar takardar bayanin nan da kuke rainawa ta fi ƙusa muhimmanci. Masu zanen nan kuma na daina ganin su marasa kunya. Sun lura cewa duk injin da muka ƙera don ya rage mana nisa, mugun labari ne yake fara hawansa, kuma da su zauna su yi ta kuka gara su yi masa dariya. Mutanenmu su ma na daina yi musu gorin jan ƙafa, domin jan ƙafar wani tsohon fasto ne ya tsaya tsakanin mahaifiyata da abin da yatsana ya aika. Sai na ƙarshe, wanda ba ya cikin littafin dokokin aiki: hutunku na shekara ba na gyaran gida da barci ba ne kaɗai, in kuna da tsoho a gida ku je ya gan ku.

Na sauka Bukuru a watan Disamba. Mama tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ture farantin gefe, ta kama fuskata da hannu biyu, ta bi goshina da gemuna da yatsu a hankali, har bayan kunne. Ta daɗe tana yi. Da ta gama ta ce, “To. Yanzu ko sun sake zuwa, na san wanda zan tuna.”